Ranar da Muka Kai Tukwane Makaranta

'Yata ta fari a Jidda na haife ta, shi ya sa Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Muna zaune a unguwar Madain Fahd babanta ya yi ta maza, ya sa ta a wata makarantar 'yan mata a unguwar Safa inda ake koyar da Turanci. Ni bokona bai wuce rubuta sunana ba, amma Allah ya ba ni kunne. Kullum bayan la'asar ina tsince shinkafa, sai ta zauna gefena a tabarma ta juye mini abin da malamarsu ta faɗa.

"Ummi, Turawa in abu ya yi sauƙi, wai sai su ce yankan kek ne."

"Oh ni! Su kek ne ruwan shansu?"

"In mutum ya tona asiri kuma, wai ya zubar da wake."

Na yi dariya har na kusa kifar da faifan. Ban cika fita ba, wannan hirar ita ce yawon duniyata.

Rannan ta ce Turawa kowane abinci sun ware masa ranarsa, har ƙwai. Su ma za su yi tasu a aji, kowacce ta zo da ɗan abincin gidansu a faranti.

Faranti? Wa ke aika abincin taro a faranti, a ce gidan su wance rowa gare su? Na leƙa maƙwabta na ce 'yata na da biki. Kun san mu da gudummawa: wannan ta tuƙa tuwo, waccan ta soya funkaso, ni na kaɗa miyar kuka da daddawar da nake ta ɓoyo tun zuwan alhazai. 'Yar tawa ta riga mu tafiya, mu kuma muka ci ado a ƙarƙashin abaya, muka cika tasi da tukwane.

Mai gadi ya ce iyaye ba sa shiga. Muka jera tukwane a bakin ƙofa cikin rana, daddawa ta cika layin. Yara suka leƙo ta taga, masu toshe hanci na yi, masu dariya na yi. Wata maƙwabciyata kuma ta rangaɗa guɗa.

Aka kirawo 'yar tawa. Ta fito kanta a sunkuye, ta zuba ɗan funkaso a murfin langa.

"Halas, ya isa haka, Ummi, ku tafi. Faranti fa na ce miki."

Da Hausa ta faɗa, tiryan-tiryan, don kada ƙawayenta su gane. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Muka kwashi tukwanenmu muka koma gida.

Da la'asar na ɗauko shinkafa, na matsa mata wuri a tabarma.

"Yau me Turawan suka ce?"

"Ba komai, Ummi."

Amsar da na dinga samu ke nan har ta gama makarantar.