Buhunan Baba da Takardar Jiha

Ko tsufa ya kwashe mini rabin hankali, ranar da na ɗauko buhunan surukina daga Bunguɗu ba za ta fita daga kaina ba. Ni dillalin hatsi ne a Gusau. Da dako na fara, a kan wannan kai nawa, har Allah ya sa na mallaki motar ɗaukar kaya guda ɗaya tal. Ita ce gonata, ita ce shagona.

Surukin nan ƙanin mahaifin matata ne, Baba nake ce masa. Tun da aka saya masa babbar waya ya zama lauya. A ciki ya ga wai a Amurka wasu jihohi sun halatta wiwi, ana sayar da ita a kanti kamar sabulu, alhali gwamnatin tarayyarsu na nan tana cewa laifi ne. Duk ranar da na je gaishe shi, zancen ke nan.

"Ka gani ko, Alhaji? Jiha in ta ce e, tarayya sai kallo."

Ni kuwa sai in ce, "Haka ne, Baba." To me za ka ce wa suruki? Na ɗauka hirar zaure ce.

Bayan kaka, sai ya ce in rage wa buhunansa huɗu hanya zuwa kasuwar Tsafe, wai ganyen magani ne. Ni mutum ne da ko buhun liman sai na soka na ga abin da ke ciki. Amma a wurinmu, ka kwance buhun suruki yana tsaye, daidai yake da ka ce masa ɓarawo. Na ji wani wari-wari, na ce wa raina busasshiyar rama ce. Aka jera su a kan dawata, Baba ya hau gaba ya harɗe.

Mun wuce Gusau kaɗan sai ga shingen jami'an tarayya masu kama ƙwaya. Ɗayansu ya zagaya baya. Ko igiya bai taɓa ba, hanci kawai ya kai.

"Malam, waɗannan kayan wa ne?"

Kafin in buɗe baki Baba ya sauko yana gyara babbar riga. Ya zaro wata takarda da aka liƙe da leda, da jan hatimi, da sunan jiha a sama da manyan baƙaƙe. Shaidar ƙungiyar masu maganin gargajiya ce.

"Yaro, karanta wagga. Jiha ta san da ni."

Jami'in ya karanta tsaf, ya ce, "Baba, wannan ai ta sassaƙe da saiwa ce. Kuma ko gwamna ne ya sa hannu, mu na tarayya ne."

"To ai shi nike faɗi! Ku koma Abuja. A Amurka..."

"Baba, nan ta yi maka kama da Amurka? Jihar ma da kake taƙama da ita, da bulala za ta fara tarbarka."

A ofishinsu aka kwance buhunan, sai ga wiwi. Aka gaya mini motar da aka kama da irin wannan kaya ba lalle ta koma gida ba. Na rantse ban sani ba. Shugabansu ya ce tun safe rantsuwa yake sha. Sannan ya juya ya tambayi Baba ko tare muka ƙulla sana'ar.

Baba ya miƙe kamar an zage shi.

"Da wa? Da wanga? Mi ya sani in ba mudu ba? Ni na shuka abata tsakiyar masara, ni na shanya, ni na ɗinke. Basirata ce ni ɗaya! Shi ko tambaya bai yi ba."

Ban taɓa jin daɗin raini irin na ranar ba. Aka rubuta, Baba ya dangwala yatsa yana hura hanci. Bayan kwana biyu aka sake ni. Motar kuwa sai da ta yi makonni tana shan rana, tayoyinta suka zauna, sannan aka ba ni. Baba ya yi zamansa na gidan yari, ya fito yana cewa ƙasar ce ba ta waye ba.

Abin da na koya bai da tsawo. Har gobe ina durƙusa wa Baba, ba na haɗa ido da shi. Amma kunya a zaure take tsayawa, ba ta hawa motata. Ko goro ya ba ni in kai Tsafe, sai na kwance.