Takalmin da Bai Taka Taɓo ba

Baba Basilla ba ya duban fuskar mutum in yana son sanin halinsa, ƙasan takalminsa yake juyawa. Yakan ce fuska ana wanke ta a shafa mata mai, baki kuwa kowa ya san abin da ya iya, amma ƙasan takalmi bai taɓa koyon ƙarya ba. Shekara talatin da huɗu ke nan yana zaune a 'yar rumfarsa da ke ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai yankan makulli, daga shi sai guduma da zare da gwangwanin gam, sai tulin takalman da masu su suka manta da su. Sunan nan kuwa ba don allurar ɗinkin fata kaɗai aka laƙaba masa ba. Harshensa ne ya jawo. In ya soke ka da magana sai ka kwana uku kana sosa wurin.

A coci bai iya waƙa ba, in aka ce ya yi addu'a kuma kafin a gama rufe ido ya ce amin. Hidimarsa ɗaya ce. Duk wanda ke cikin ƙungiyar bishara, waɗanda ke bin gidaje kowace Asabar, gyaran takalminsa kyauta ne. "Ku taka, ni in ɗinke," haka yake ce musu. Da haka ya san ƙafar kowa: wanda ke jan dunduniya, wanda ke tafiya a karkace, da wanda hanya ta ci har ya kusa taka ƙasa da safa.

Yana da ƙane guda ɗaya, Auta. Rabon da su haɗa ido shekara goma sha ɗaya, tun ranar jana'izar mahaifiyarsu. Auta ya iso makabarta a makare yana warin giya, ya ɗauki shebur zai zuba ƙasa, Basilla ya ce masa a gaban jama'a, "Baƙin cikinka ne ya kashe ta, sai ka ƙarasa binne ta." Auta ya ajiye shebur ya juya. Bai ƙara taka coci ba. Ya koma unguwar da ke bayan mayanka yana wankin fatu, tafiyar minti arba'in ce daga rumfar wansa, amma kamar an gina katanga a tsakani.

Wata Litinin da damina, wani mahauci da ya kawo takalmin robarsa a liƙe masa ya ce, "Baba, ƙanenka fa jiki ya ƙi. Ƙafa ta kumbura, tari ba ya barinsa. Ya yi wata bai fito aiki ba."

Basilla bai ɗago ba. Ya liƙe robar, ya sallami mahauci. Da yamma ya yagi kwali ya rubuta kwatancen gidan, ya kai wa shugaban ƙungiyar bishara, wani malamin makaranta da ake ce wa Mai Jaka don ba a taɓa ganinsa ba jaka a hammata ba.

"Ku je masa," in ji Basilla. "Aikinku ne."

"Baba, ka ɗauka an je an gama," in ji Mai Jaka.

A ranar ne kuma coci ta shiga azumi da addu'a na kwana ashirin da ɗaya. Fasto ya ce kada abin ya tsaya a ciki kaɗai, kowa ya nemo halin da ya fi ƙarfinsa ya ɗaure shi. Da suka koma gida daga coci matar Basilla ta yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Maigida, kai ci abincinka kawai. Bakin nan za ka sa wa azumi, unguwa ta huta."

Ya harare ta, zai yi magana, sai ya haɗiye. Ya ɗauki duka biyun, ba ci har faɗuwar rana, ba kuma baƙar magana ko ɗaya. Dabarar da ya samo ta sana'arsa ce. Mai gyaran takalmi dama yakan riƙe ƙananan ƙusoshi a leɓe in yana buga dunduniya. To duk lokacin da ransa ya tashi sai ya ɗebi ƙusa ya cika baki. Wanda ke da ƙusa shida a baki ba ya zagi. Mai gyaran agogo ya gane, ya riƙa tsokanarsa da gangan, yana cewa, "Baba, yau ƙusa nawa na ci?"

Lahadin farko Mai Jaka ya hau gaba ya karanta rahoto. Gida kaza sun shiga, mutum kaza sun yi wa addu'a. Da ya zo kan bayan mayanka ya ce, "Mun ƙwanƙwasa ƙofa, ba a buɗe ba." Basilla ya gyaɗa kai. Halin Auta ne, ya sani. Lahadi ta biyu aka ce ya leƙo ta taga ya kore su. Wannan ma ya yarda, har ya ji wani ɗan sanyi da ba zai so a sani ba, wai ga shi kowa ya shaida laifin ba nasa ba ne.

Washegari Mai Jaka ya kawo takalminsa na fita bishara, dunduniya ta saki. Basilla ya juya shi kamar yadda ya saba, sai hannunsa ya tsaya.

Ya san taɓon bayan mayanka. Mahauta na kawo masa shi kullum a ƙafa. Baƙi ne, mai danƙo, gauraye da gashin dabba, yana shiga tsagin ɗinki ya maƙale, ko an wanke da sabulu warin ba ya fita sai an yi mako. Takalmin nan kuwa babu komai a ƙasansa sai 'yar ƙurar kwalta da cingam da ya taka. Ya kai shi hanci. Ƙamshin man goge takalmi. Ran Laraba wata tela da ke cikin ƙungiyar ta kawo nata a ɗinke mata maɗauri, shi ma fes, kamar daga kanti.

Ya cika baki da ƙusa. Mutum na can kwance yana tari, su kuma suna tsayawa gaban bagade suna karanta ƙarya da muryar waƙa! Da hannunsa ya ɗinke takalman nan, da zarensa, don su kai ƙafa inda ake bukata, ashe yawon kwalta yake wa hidima. Kwana shida ƙusa ba ta bar bakinsa ba. Dasashinsa ya yi jini. Ya buga dunduniyar Mai Jaka da ƙarfin da sai da mai yankan makulli ya leƙo ya ce ko bene ake rushewa.

"Saura kwana nawa ne?" matarsa ta tambaya tana kallon leɓensa. "Daure, maigida. An ci sa, saura wutsiya."

Lahadi ta uku ita ce ranar ƙarshe ta azumin, saura 'yan sa'o'i rana ta faɗi a buɗe baki tare. Basilla na zaune a bencinsa na baya, takalmin Mai Jaka a cikin leda a ƙarƙashinsa, ƙusa uku a leɓe. Mai Jaka ya gyara tabarau.

"Bayan mayanka kuwa, sau uku ke nan. Ɗan'uwan nan zuciyarsa ta taurare. Mun yi iyakar ƙoƙarinmu, mun karkaɗe ƙurar ƙafafunmu, mun bar shi da Allah."

An ji ƙarar ƙusa uku a kan siminti, ɗaya bayan ɗaya.

"Wace ƙura?"

Kowa ya waiwayo. Basilla na tsaye, takalmi a hannu, ya ɗaga shi sama kamar mai gwanjo.

"Na ce wace ƙura ka karkaɗe, Malam? Da damina? A bayan mayanka? Wurin da akuya ma sai ta tattara ƙafa? Ga takalminka nan, jama'a su shinshina. In akwai wanda ya ji warin mayanka, ni in cinye shi har igiya!"

"Baba, a zauna, a yi haƙuri," in ji Fasto. "Muna cikin sujada."

"Sujadar ce ta sa na tashi, Fasto! In a kasuwa ya yi ƙaryar da na ƙyale shi. Kai Malam, jakar nan da kake rungume da ita kamar jariri, ƙarya ce a ciki ko takarda? Mutum na mutuwa, kun shafa masa baƙin fenti, kun ce ya kore ku. Ta wace taga? Fentinta wane iri ne? Faɗa mana!"

Sai telar nan ta miƙe a cikin mata.

"Gaskiya Baba ya faɗa. Bakin babbar kwata muke tsayawa. Ruwan jini ne har idon sawu, ga wari. Malam ya ce mu miƙa hannu mu yi addu'a daga nan, ai Allah na ji daga ko'ina."

Coci ta ɗauki guna-guni. Basilla ya ji daɗin da bai ji ba cikin kwana ashirin da ɗaya. Ya ja numfashi zai ƙara. Amma kunya ta riga ta mai da Mai Jaka abin da ba a san shi da shi ba. Ya cire tabarau, fuska ta yi jawur.

"Na yi ƙarya, na amsa, Allah ya gafarta mini. Amma Baba, tun da yau ranar duban takalmi ce, ɗaga naka mu gani. Mu dai mun kai bakin kwata. Kai ina ka kai? Ƙanin wa ke kwance a can, nawa ko naka?"

Basilla bai ɗaga ƙafa ba, ba ya bukata. Ya san takalminsa fiye da na kowa. Shekara tara yana sa shi, ko sau ɗaya bai sake masa ƙasa ba, don daga gida sai rumfa, daga rumfa sai coci. A duk ɗakin nan babu wanda ya kai shi tsabta.

Ya dangwarar da takalmin Mai Jaka a kan benci ya fita. Matarsa ta biyo shi har bakin ƙofa.

"Gida ta nan ne, maigida."

"Na san hanyar gida!"

Ta dube shi, ta koma ciki da sauri, ta fito ta miƙa masa 'yar jakar kayan aikinsa da ba ya rabuwa da ita.

Tafiyar minti arba'in ya yi ta cikin rabin sa'a, yana faɗa shi kaɗai. Ya zagi Mai Jaka da jakarsa. Ya yi wa Fasto tas da "a yi haƙuri" ɗinsa. Ya zagi azumin da ya ɓare masa a hannu saura ƙiris. Ya zagi Auta da ya rasa inda zai je ya kwanta ciwo sai ƙarshen duniya. Da mutanen zagi suka ƙare, saura mutum ɗaya, shi kansa, sai ya yi shiru, don ya iso bakin kwata.

Warin ya doke shi, ciki ba komai, sai da ya dafa bango. Ya sa ƙafa. Taɓo ya haɗiye takalmin har idon sawu, ya zaro, ya sake sawa. Gida na uku bayan kwata, kamar yadda mahauci ya kwatanta. Ɗaki ɗaya ne na langa-langa. Babu taga. Ƙofar da aka ce an ƙwanƙwasa ma babu ita, wani tsohon buhu ne aka rataya.

Ya ɗaga buhun. Auta na kwance a kan katifa, ƙafa kamar turmi, gashi ya yi fari fat, shi da aka haifa Basilla na da shekara goma sha biyu. Suka kalli juna.

"Yaya," in ji Auta, tari ya sarƙe shi, ya jira ya lafa. "Ka zo ka ƙarasa maganar makabarta ne? Ko an ce maka na mutu ka zo zuba ƙasa?"

Amsa ta taso wa Basilla har maƙogwaro, mai kaifi, irin wadda ya fi iyawa. Ya lalubi jaka, ya ɗebi ƙusa ya zuba a baki. Ya zauna a kan wani bokiti da aka kife. A bakin katifa akwai takalmin Auta, ƙasansa ya rabu da samansa yana hamma. Ya ɗauka ya ɗora a gwiwa, ya zaro basilla da zare.

"Au, ba ka da baki yau? To ni ina da shi."

Auta ya fara. Shekara goma sha ɗaya ya kwance, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi jinyar tsohuwa wata bakwai yana wanke mata zane, shi ne, ba mai bakin basilla ba. Ranar da ta cika a hannunsa ta cika, shi ya sa ya sha abin da ya sha. Ya kira wansa munafuki, ya kira shi waliyyin benci. In tari ya tare shi sai ya huta ya ɗora daga inda ya tsaya. Basilla na soka allura yana jan zare, kunnuwansa kamar garwashi, jini na ɗanɗano a bakinsa, bai tofar da ƙusa ko ɗaya ba.

Rana ta yi ƙasa. A coci yanzu an fara jera kwanuka. Auta na haki, ya daɗe yana kallon ƙafar wansa da ta yi baƙi ƙirin har wando.

"Gobe da safe zan zo da mota mu je asibiti," in ji Basilla ta gefen baki, ƙusoshi na karo da haƙora.

"Ban ce zan je ba."

Basilla ya ƙulla zare ya yanke. Auta ya miƙa hannu ƙarƙashin katifa, ya lalubo ɗaya ƙafar takalmin, ya wurga masa a cinya.

"Wannan ma ya ɓalle. In za ka yi aiki, yi shi duka."