Ɗauko Mai Takaba Kafin Ruwa Ya Ci Tunga

Yelwa zuwa Wara

Ana kiran assalatu muka fita, ni da Inna Kulu mai bandar kifi. Shekara biyu ke nan da aka yanke mana Kebbi daga Sakkwato, ina koyar da matan aure a Islamiyyar unguwarmu. Matan da ke saro kifi ne suka kawo labarin da ya tashe mu: a wata tungar masunta cikin ruwa, gaba da Wara, an bar wata Bazabarma ita kaɗai. Sunanta Fadi. Mijinta ya zo da ita daga Nijar neman kifi, zazzaɓi ya kashe shi, ta shiga takaba. Sai baƙin ruwa, cikar nan da ke zuwa da sanyi, ya fara hawa. Masuntan suka kwashe iyalansu suka yi gaba. Suka ce mai takaba ba ta barin ɗakin miji, suka aje mata gero da busasshen kifi.

Ran da na ji, na ce sai na je na ɗauko ta. Maigidana ya ce in je, amma fuskarsa ba ta ce haka ba.

A-kori-kura muka samu a tasha, muka zauna kan buhunan gishiri. Mun wuce Birnin Yauri gari na wayewa. A Ngaski taya ta yi faci, direba ya zauna yana cin ƙosai kamar babu mai jiransa. Ni kuwa duk inda na ga rafi sai in tuna ruwa na can na hawa a tunga. Ba mu isa Wara ba sai bayan azahar.

Bakin ruwan Wara

Jirage reras, amma da muka faɗi abin da ya kawo mu, kowa ya kama gyaran komarsa. Wani dattijo ya ce, "Malama, ba ƙin Allah ba. Jirgin da yad ɗauki mai takaba ba shi ƙara ganin kihi."

Na ce, "Baba, a wane littafi? Malamai sun yarda mace ta tashi in tana tsoron halaka, ta ƙarasa takabarta inda ta sauka."

Ya ce, "Haka muka taras."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗi maganganun da ba zan maimaita su nan ba. Wata mai fura, ana ce mata Gwaggo Tani, ta janye ni gefe. Ta ce, "Ɗiyata, bar ɓata bakinki. Ina da tsohon jirgi da nika ɗebo itace. Yana yoyo, amma ni ba kihi nika nema ba."

Inna Kulu ta ɗaure zane ta kama filafili tana tuƙi. Ni da ban iya iyo ba, aka miƙa mini ƙwarya aka ce in yi ta kwalfar ruwa. Ina kwalfa ina salati har muka daina ganin rumfunan kasuwa.

Tunga

Bukkoki ne na zana, duk a buɗe, babu ko kaza. Ruwa ya riga ya shiga ɗakin Fadi har idon sawu. Muka same ta kan gadon kara ta naɗe ƙafafu, yarinya ce ƙarama, ta rame ƙwarai. Hausarta ba ta da yawa, sai Inna Kulu ta yi mata Zabarmanci. Ta girgiza kai.

"Mi ta ce?"

"Ta ce an gaya mata in ta hita, takabarta ta ɓaci, mijinta ba shi samun kwanciyar kabari."

Na durƙusa cikin ruwan na kama hannunta. Na ce a gaya mata Allah bai ce mace ta mutu saboda takaba ba. Ta dube ni, ta yi magana da Hausa, a hankali: "Ke, kin ɗauki alhaki?"

Na sha faɗin hukuncin nan a aji, amma ba a taɓa ce mini in ɗauke shi a wuyana ba. Na ce, "Na ɗauka."

Tukunya ɗaya ta ɗauka da rigar mijinta. Da ta ga Inna Kulu ta gaji, ta karɓi filafili ta tuƙa mu har Wara, ba ta waiwaya ba. A ɗakin Gwaggo Tani muka kwana, ta ba mu tuwon shinkafa da miyar kifi, ta ƙi karɓar ko kwabo.

Komawa gida

Da safe wata fargabar ta taso: Fadi ba ta da takardar shaida ko ɗaya. Muka sa ta tsakiya a mota, mata masu kwandunan kifi suka kewaye ta. Kusa da mararrabar babban titi 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo ya nuna ta: "Ke, daga ina?"

Inna Kulu ta ce, "Ɗana, ka ji tsoron Allah. Takaba taka yi, ba ta magana da maza." Matan suka ɗauka baki ɗaya, "Takaba taka yi!" Ya ja da baya ya ce Allah ya jiƙan mamaci.

La'asar ta yi mana a Yelwa. Ɗalibaina sun share ɗakin kusa da nawa, sun shimfiɗa tabarma, sun tsara wadda za ta riƙa kawo abinci kowace rana. Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya, na gode wa Inna Kulu da Gwaggo Tani da matan motar nan da ban san sunan ko ɗaya ba.

Kasuwar da ta zagayo, masu saro kifi suka ce sun bi ta wajen tungar da jirgi, ko tsinin bukka ba su gani ba. Ban gaya wa Fadi ba sai ran da ta fita takaba.