Murhuna ya sha rakiya har gida

Jama'a, yau saura kaɗan a sallaci murhuna a Ard al-Liwa, unguwarmu a nan ƙasar Misirawa!

Kun san gobe ne gasar masu balangu, tsohon murhuna kuwa ya ɓule. Na je wajen maƙeri na zaɓi dogo mai murfi, wanda rago guda zai kwanta a ciki. Mai mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya da na tare, ya kalle shi ya ce, "Ma'alish ya Hajj," wato in yi haƙuri, ya ja mota! Na lulluɓe shi da koren bargo, ni da abokina Tanko muka saɓa a kafaɗa. Nauyi ya danne ni, na ce, "La'ilaha illallahu!"

Kawai sai ga Misirawa daga shaguna, kowa na kawo kafaɗa! Tanko ya ce, "Malam Ilu, gaya musu ba gawa ba ce mana!" Na ce, "Da wane Larabcin? Bari mu kusa gida."

Sai da suka nufi masallacin layinmu na yaye bargon. Wani dattijo ya ce, "To wa ya rasu?" Na ce da ɗan guntun Larabcina, "Rago ne, amma sai gobe. Ku zo ku ci!" Dattijon ya tuntsire da dariya ya ce, "Yalla, ku ƙarasa masa da shi gida!"