Safayar Motar Shu'aibu

Ranar Asabar, 17 ga Yuni, 1978, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ɗana Shu'aibu a kan hanyar Kuru, yana da shekara ashirin da tara. Na Allah ne, gare Shi ya koma. Kai ne ɗan farina, don haka ban taɓa kiran sunanka kana raye ba. "Kai yaron nan" nake ce maka har ka yi gemu. Yau na rubuta sunan, tunda babu sauran wanda zan ji wa kunya.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Kana da taurin kai da son a kalle ka. Shi ya sa ka sayi motar nan a hannun wani Baturen kuza da zai koma ƙasarsu: ja, tsohuwa, mai rufin tamfol, kujera biyu tak. Na tambaye ka, mai mata da 'ya'ya biyu, wa za ka bari a ƙasa? Da na sa ka buɗe but, sai na ga babu safaya, wato tayar ajiya. Nan take na rantse ba zan shiga motar da ba ta da safaya ba. Ka yi dariya ka ce, "Inna, mako ɗaya ne."

Wata goma sha huɗu ka yi kana nema. But ɗin ƙarami ne, tayar Fijo ba ta shiga. Wadda ta shiga kuma ramukan notinta ba su dace ba. Ka zaga kasuwar Dilimi rumfa-rumfa, ka je Bukuru, ka je Kano. Hyginus mai kayan mota ya auna ramukan da zare, ya aika wa ɗan'uwansa a Anacha, ya ce maka, "Oga, ka jira. Wannan mota ba ya son haɗe-haɗe."

Alherinka ma ba zan ɓoye ba. Duk sanyin Jos, ba ka taɓa wucewa aiki ba sai ka biyo Tudun Wada ka ga an ɗora mini ruwan zafi. Ranar da naƙuda ta kama maƙwabciyata Kaneng ana ruwan sama, kai ka kai ta asibiti, ka wanke kujerar da hannunka, ba ka taɓa tada zancen ba. Kowa a layinmu ya ɗana motar nan sai ni. Kullum Juma'a kana buɗe mini ƙofa, kullum ina wucewa in hau bas. Na ga fuskarka. Ban tsaya ba, domin ba a wasa da rantsuwa.

A farkon watan nan, a gaban abokanka, na ce namijin da ya kasa samo taya ɗaya ban ga gidan da zai iya riƙewa ba. Suka yi dariya, har da masu tafawa. Su ne suka kai ka wurin mai walda, aka ɗauko tayar wata mota aka faɗaɗa ramukan da magagari, kamar yadda ake yi wa amalanke. Hyginus ya hana. Aka ce masa ai kowa haka yake yi.

Ka kawo mini ita ranar Juma'a kana murna. Shekara ashirin ina koyarwa, ban taɓa ba ɗalibi maki a kan aikin da ban gwada ba. Na ce, "Shiga but ba shi ne aiki ba. Ɗaura ta, ka je Kuru ka dawo, sannan in shiga." Washegari ka ɗaura. Ka isa Kuru lafiya. A hanyar dawowa notin suka ci ramukan, tayar ta fice a kan gangara.

Masu zuwa gaisuwa suna ce mini kwana ne ya ƙare. Na sani. Amma na ga abokan nan naka a kan tabarma suna sunkuyar da kai, kuma ban amsa gaisuwarsu ba. Matarka Kubra ita ma ba ta amsa tawa ba. Ba ta yi laifi ba. Ga samarin garin nan kuwa ina cewa: abin da bai dace ba, kada ku tilasta shi. Wannan gaskiya ce, kuma na faɗe ta tun kana raye. Ba ta amfane ni da komai ba.

Ranar sadakar uku Hyginus ya shigo da abu a buhu. Safayar ce; a ranar da aka binne ka ta iso tasha daga Anacha. Ya tsuguna ya ce, "Mama, in koma da shi?" Na ce a'a. An riga an jawo motar an ajiye a bayan gida, gabanta a murƙushe, bayanta kuwa ko ƙwarzane babu. Na sa ya gwada ramukan. Notin huɗu suka zauna ba gardama. Ya sa ta a but, murfin ya rufu.

Sharaɗina ya cika. Na buɗe ƙofar da kaina, na share gilasan da suka zube, na zauna a kujerar da ka yi wata goma sha huɗu kana buɗe mini ƙofarta. Na kira sunanka sau ɗaya, da ƙarfi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka taurin kai, wanda a wurina ka sha shi. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya raya 'ya'yanka a kan gaskiya. Ina yi wa Kubra ta'aziyya, ko ta karɓa ko ba ta karɓa ba. Allah Ya ba ta haƙuri. Ni kuwa ban roƙi kowa ya yi mini ta'aziyya ba.

Malama Safara'u Ishaku
Tudun Wada, Jos