Jirgin Gwaggo Hilda da Aka Raba da Sunansa

Duk wanda ya tsinci tsohon hoton jirgin sama a akwatin kakansa, a wannan yanki namu na Dakota ta Arewa, gidan Elwood Brakke ake nuna masa. Kafinta ne, amma shekara arba'in ke nan an fi saninsa da wannan aiki da ba wanda ya sa shi. Zai ɗora hoton a teburin kicin, ya ɗauko gilashinsa mai ƙara girman abu, ya ƙirga haƙarƙarin fiffike, ya dubi yankan wutsiya da hancin injin, sai ka ji ya faɗi ƙirar jirgin da shekarar da aka ƙera shi. Ko wutsiyar ce kaɗai ta leƙo a bayan ango da amarya, ta ishe shi. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, kuma ya san da haka, shi ya sa musu da shi ba daɗi.

Shi ma yana da nasa jirgin a babban ɗakin ajiya na gonarsu, irin na katako da yadi mai fukafukai biyu, ɗaya bisa ɗaya. Na yayar babansa ne, Gwaggo Hilda, wadda ke kai likita gonaki idan dusar ƙanƙara ta toshe hanya. A 1934 ta faɗo da shi cikin gonar alkama, ta fito tana ɗingishi, aka kwashe tarkacen aka zuba a ɗakin. Elwood ya shafe shekara ashirin da shida yana harhaɗa shi, kuma bai canja katako ko ɗaya ba sai wanda ya ruɓe.

Abu ɗaya ya rasa: wani ɗan allon tagulla da bai kai tafin hannu ba, mai ɗauke da lambar jirgin, wanda ake kafawa a gaban matuƙi. Wani ɗan'uwansu mai ƙaiƙayin hannu ya ɓalle shi tun da daɗewa, allon ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin wani likitan haƙori a Texas, Royce Pankratz. Shi kuwa ya sa aka ƙera masa sabon jirgi fil, ya kafa allon a ciki. A wurin masu wannan harka, inda allo yake nan jirgi yake. Saboda haka a takarda jirgin Gwaggo Hilda yana Texas yana ƙyalli, na ɗakin Elwood kuwa ba shi da suna. Abin haushi, kai!

Da Elwood ya kai shekara saba'in da takwas hannunsa ya fara rawa. 'Yarsa ta kama musu ɗaki a cikin gari, shi da matarsa, masu karɓar gonar kuma suka ce da zarar an gama girbi za su rushe ɗakin ajiyar. Dole jirgin ya sami gida kafin nan, kuma Elwood ya rantse ba zai bar shi ya fita ba sai da sunan gwaggonsa.

Ya gayyato Misis Okerlund, mai kula da wani gidan tarihi na jirage. Ya nuna mata hoton 1931, Hilda na jingine da sandar da ke tsakanin fukafukai, sannan ya ja ta gaban sandar kanta. Ga gaɓoɓin itacen guda uku a jere, ga ɗaurin waya inda ta taɓa tsagewa, duk kamar yadda suke a hoton. Matar ta daɗe tana duba wannan tana duba wancan.

"Malam Brakke, shi ne. Ko makaho ya shafa ya san shi ne."

"To, yaushe za ku turo mota?"

"Ai nan gizo... nan matsalar take," ta ce tana kau da ido. "Lamba ɗaya ba ta hawa jirgi biyu. In muka ɗauka, sai dai mu rubuta kwaikwayo ne."

"Kwaikwayon wa? Na wanda aka ƙera shekaranjiya?"

"Kuma gaskiya ko kwaikwayon ma ba mu da wurin ajiye shi."

Ta sha kofi, ta ci biredin ayaba na matarsa Doreen, ta tafi. Gidajen tarihi huɗu ya rubuta wa bayanta, amsar duk ɗaya.

"Tsoho, ka sauke girman kan nan ka kira mai cire haƙoran," in ji Doreen. "Ba cizonka zai yi ba."

"Roƙonsa zan yi? Mutumin da bai san gaban jirgi da bayansa ba?"

"Shi bai sani ba, amma nasa na tashi. Kai masani, naka tantabaru ke kashi a kai."

Kwana uku bai kula ta ba, a na huɗu ya kira. Royce mutum ne mai fara'a, wannan ma ya ƙara wa Elwood takaici. Allo dai ba zai bayar ba, ko da wasa. Amma ya ce zai zo da kansa.

Ya zo da motar ɗaukar kaya da hula mai faɗi. Ya zagaya jirgin yana ta "Kai, kai, kai! Baba, ka yi aiki!" Sannan ya zaɓi kujerar matuƙi da sandar tuƙi, ya ce su zai sa a nasa, sauran ba ya bukata.

"Alfarma ɗaya, Baba. Kowa ya san in ka ce abu kaza ne, an gama. Rubuta mini 'yar takarda cewa waɗannan daga jirgin Hilda Brakke suka fito, in rataya a jikin jirgina."

Elwood ya gane sarai. Da wannan takarda bakin kowa zai mutu, shi da kansa ya tabbatar wa duniya cewa na Texas ne na gaske. In kuma ya ƙi, kujerar da gwaggonsa ta zauna a kai za ta bi sauran ƙarƙashin motar rusau. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har Doreen ta ga idonsa ya kawo ruwa. Ya zauna a teburin kicin ya rubuta. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Ya sa hannu.

Da motar ta fita, Doreen ta same shi tsaye a ƙofar ɗakin ajiyar.

"Masu rusau sun bugo, ranar Litinin za su zo. Suna tambaya me ke ciki, don su san motar da za su kawo."

Ya juya ya dubi jirgin.

"Ki ce musu katako ne."