Gwaggo Rahila da Kukan da Take Fara Sujada da Shi

Yau shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Rahila, yayar mahaifina, amma duk lokacin da na tuna da ita ba ranar jana'izarta ke zo mini ba. Wata Laraba ce ke zuwa, da ƙarfe huɗu na yamma, a shekarar farin nan, lokacin da yayyafi ya sauka a Sabon Birni.

Mun riga mun yi binne, wato mun zuba irin gero cikin busasshiyar ƙasa muna jiran ruwa, a gonar da aka ara mana kan hanyar Gangara. Yayyafin bai jiƙa ƙasa sosai ba, sai dai ya isa ya tayar da iri. Gero ya tsiro, sama ta rufe bakinta, tsiron ya ƙone. Tiya ɗaya ta iri ta rage mana.

Ran Lahadi muka taru a 'yar majami'armu mai rufin kwano. Mai ganga ya ɗauki waƙar yabo, sai Gwaggo, shugabar zumuntar mata, ta ɗora hannu kan gangar.

"Dakata, ɗana. Wa za mu ruɗa? Wanda ya ga gonakinmu?"

Ta durƙusa ta shiga jera wa Allah abin da ya same mu: geron da ya ƙone, akuyar da ta mutu, maƙwabtanmu Musulmi da suka fita roƙon ruwa suka dawo cikin rana. Ta tambaye shi har yaushe. Na tsorata, don ban san ana yi wa Ubangiji irin wannan magana ba. Da ta miƙe, ita da kanta ta ɗauki waƙar godiya, hawaye bai bushe mata ba, kuma ko gajimare babu a sama.

Ni yarinya ce mai yawan karatu da ƙarancin magana. Na koma gida na bi zabura ɗaya bayan ɗaya, na ga da yawansu haka suke: kuka a farko, yabo a ƙarshe, ba a faɗi abin da ya faru a tsakani ba. Bakina ya kasa waƙar godiya tun daga ranar. Na ce ba zan rera ba sai na san abin da ake gode wa. Da na daure na tambayi Gwaggo, dariya ta yi.

"Ke da karatunki, Malama ƙarama! Za ni hwaɗa miki in kin girma."

Ta shuka tiyar nan da ta rage, muka samu abin da bai kai mu rani ba. Bayan 'yan shekaru ta rasu, ba ta faɗa mini ba.

Yau ina jami'a, kuma akwai gonakin da ko zuwa ba a iya yi saboda tsoro. Ina shiga sujada in ji ana tsalle tun daga ƙofa, kowa na cewa lafiya lau. Na san da Gwaggo tana nan da ta nemi gangar nan da hannunta, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ya rage mini nata ke nan: ba ta taɓa yi wa Allah ƙaryar murmushi ba, ba ta kuma taɓa tashi gabansa da kuka kaɗai ba.

A hutun bara na je garin Isa gaida Inna Hajo, aminiyarta Musulma, wadda suka yi shekaru suna daka tare. Na kai mata tambayata, ina kallon ƙasa.

"Wanga abu ad damunki, ɗiyata?" in ji ta. "Ni ma na tambaye ta, nic ce Rahila, godiyar mi, ruwa bai zo ba? Tac ce, 'Hajo, ba ruwa nika gode ma ba. Na kai kukana an saurare ni. Wanda ad da wurin kai kuka bai zama maraya ba.'"